Sarki Gagare da Zamanin Anaruwa

A can zamanin da, tun ana auna nisan gari da kwanaki, an yi wani sarki mai suna Gagare. Ƙasarsa na zaune lafiya, rumbuna cike, ayari na shiga, ayari na fita, ba yaƙi ba annoba. To, amma kun san halin ɗan Adam, in ya rasa abin kuka sai ya je ya aro. Sarkin nan abu guda ya hana shi sakat: ya tsani zamaninsa.

Wanda ya ɗura masa wannan cuta kuwa shi ne Sarkin Maroƙansa, wani dogo mai zaƙin baki da ake kira Barau. Kullum in hantsi ya yi sai Barau ya miƙe a fada ya shiga wasa Sarki Anaruwa, kakan kakan Gagare. A zamanin Anaruwa, in ji shi, maza maza ne, hatsi sai ya kere mutum a kan raƙumi, yaro ba ya haɗa ido da babba. Sarki ya yi ta ji har abin ya zauna masa a ƙirji.

Ran nan fada ta cika, sai Sarki ya gyara zama ya ce, “Ku gaya mini, da za a ba kowannenku zaɓi, wane zamani zai so ya zauna a ciki?”

Sarkin Yaƙi ya ce shi zamanin hare-hare zai zaɓa, lokacin da ake cin gari uku kafin azahar. Madugu, shugaban fatake, ya ce shi sai zamanin da ake ba da sa guda a kan mudun wuri. Ku lura fa, babu wanda ya ce zai so ya zama mutumin garin da aka ci, ko mai san da aka cuta. Kowa a kan gadon zamanin yake ganin kansa.

Sarki ya ce, “Ni na zaɓa. Mun koma zamanin Anaruwa! A yi shela: duk abin da ya shigo garin nan bayansa, nan da kwana bakwai ya fita.”

Barau ya faɗi ya yi gaisuwa. “Zaki, ka yi daidai! Sai dai ba kaya kaɗai suka shigo ba. Har da mutane.”

Sarki ya ce, “Har su.”

Kowa a fada ya saci kallon Waziri Cindo. Dattijo ne mai shekara saba'in, ya yi wa Gagare hidima, ya yi wa ubansa. Amma kowa ya san kakansa baƙo ne, ya shigo garin da jakar fata a kafaɗa bayan Anaruwa ya daɗe a kabari. Barau ma ya sani, don ya jima yana haɗiyar yawu a kan gidan Waziri mai zaure biyu. Ke nan nan da kwana bakwai Waziri zai bar garin da aka binne cibiyarsa da iyayensa, shi da unguwa huɗu ta marina da masaƙa da fatake.

Waziri bai yi gardama ba. Ya san mai gidansa, in ka ja da shi sai ya ƙara kafewa. Ya duƙa ya ce, “Allah ya ba ka nasara, umarninka ya wuce. Alfarma guda nake roƙo. Kafin in tafi, a bar ni in shirya maka zamanin nan da hannuna, don in za a yi abu a yi shi sosai, kada a yi rabi da rabi maƙwabta su yi mana dariya.”

Sarki ya ji daɗi ya ce, “Na ba ka.”

Washegari aka kawo wa Sarki kalaci. Ya kai loma guda, ya tsaya, ya dubi akushin kamar ya zage shi.

“Waziri, wa ya mutu a madafa?”

“Ba kowa, ranka ya daɗe. Gishiri ne ya fita. Fatake suka kawo shi a zamanin kakanka. Anaruwa da ruwan toka ake yi masa miya.”

Sarki ya haɗiye da ƙyar ya ce, “Shi ya sa suka yi ƙarfi. Miƙo mini goro in wanke baki.”

“Goro ya bi gishiri, Allah ya ja zamaninka.”

Rana ta biyu aka kwashe riguna da rawuna, tunda masaƙa da marina daga baya suka zo. Fada ta zauna kowa da warkin fatar akuya. Galadima, mai tumbi kamar randa, sai da aka haɗa masa fata uku, duk da haka bai yarda ya juya wa kowa baya ba. Da Sarki ya fito, fadawa suka faɗi gaisuwa, suka ƙi ɗagowa, kafaɗu na rawa.

“Me ake yi wa dariya?”

Galadima ya ce daga ƙasa, “Kwarjini ne ya yi mana yawa, Zaki.”

Rana ta uku aka kafa zana a gaban karagar mulki, don a al'adar wancan zamani ba a ganin sarki, ba a jin muryarsa, sai dai ya yi raɗa a faɗa wa jama'a. Gagare kuwa mutum ne da in bai yi magana ba sai kansa ya yi ciwo. Aka kawo ƙarar wani da akuyarsa ta ci wake a gonar maƙwabci, mai akuya na ta zuba ƙarya, Sarki na bayan zana yana tafasa, har dai ya kasa, ya daka tsawa, “Ƙarya kake, ɗan nema!” Waziri ya matso ya ce a hankali, “Ranka ya daɗe, Anaruwa ba ya tsawa.”

Kuna tsammani ya saduda? Ina! Ai taurin kan mai mulki ya fi na jaki, don jaki in ya ji yunwa yana komawa gida. Kwana huɗu, kwana biyar, Sarki ya rame, sauro ya yi masa zane a baya, amma ko da wasa bai ambaci janye shela ba. Barau kuwa kullum yana gefe yana zuga shi, a gida kuma yana lasar gishirin da ya ɓoye a tulu.

Rana ta shida Waziri ya fita da la'asar ya zaga gari. Unguwar marina an ɗaure kaya, mata na sallama da maƙwabta ta kan katanga, ana kuka. Dabararsa ta ƙare, gobe sai hanya. Yana tafe yana tunanin wa zai riƙa share kabarin mahaifiyarsa, sai ya ji wata tsohuwa na niƙa a wani tsohon gida tana waƙa, ya kuma ji sunan Anaruwa a ciki. Ya ja birki, ya kasa kunne har ta kai ƙarshe. Sa'an nan ya yi sallama.

Sunanta Tambai. Gidansu na cikin waɗanda suka kafa garin, kuma ƙawar kakar Sarki ce, ta goya shi yana jariri. Waziri ya ce, “Iya, wa ya koya miki waƙar nan?”

Ta ce, “Kakata, ita ma daga tata kakar. Mu mata ai a kan dutsen niƙa muke ajiye labari, tunda ba wanda ke ba mu kyautar doki don mu gyara shi.”

Waziri ya yi murmushin da ya kwana shida bai yi ba.

Da safiyar rana ta bakwai aka rufe rijiyoyin gari duka da itace. Sarki ya nemi ruwa, aka ce ana kawowa. Rana ta take, maƙogwaronsa ya bushe, ya sa aka yaye zanar don haushi. Can sai ga Tambai tana dogara sanda, ɗauke da ƙwarya. Ta dire ta a gabansa, ta dube shi sama da ƙasa.

“Angona, wa ya tuɓe ka? Ko caca ka yi?”

Kun san tsakanin jika da kaka ba a fushi. Sarki ya ce, “Tsohuwa, ba ki mutu ba har yanzu? Me kika kawo mini?”

“Ruwan tafkin bayan gari. Shi kakan kakanka ya sha.”

Sarki ya leƙa ƙwarya. Ruwa kore shar, gansakuka na yawo a kai, wasu 'yan ƙananan abubuwa na wutsil-wutsil a ciki. Ya ce, “Ina rijiyoyina?”

Waziri ya ce, “Allah ya ba ka nasara, babu rijiya ko ɗaya a zamanin Anaruwa. Kakana ya haƙa ta farko, aikin da ya kawo shi garin ke nan. Yau jikansa zai fita, ya kamata su ma su tafi.”

Barau ya ga abin na neman kwaɓewa, sai ya yi wuf ya miƙe ya ɗaga murya:

“Sha, Zaki, ruwan mazan jiya!
Anaruwa, toron giwa,
Wata uku na damina ƙafarka ba ta taɓa ƙasa,
Ƙarti huɗu ke ɗauke da kai!”

Tambai ta ƙyalƙyale da dariya har sandarta ta faɗi. “Wannan kam gaskiya ya faɗa. Ɗaukarsa ake yi. Amma ka tambaye shi dalili?”

Sarki ya ce, “Girma ne mana.”

“To, saurari tamu.” Ta durƙusa kamar mai niƙa, ta kama da muryarta ta tsufa:

“Niƙa nake, ƙafa na zugi,
Sarki Anaruwa ma yana kwance.
Kurkunu bai san gidan sarauta ba,
A tsinke ake naɗe nasa kamar nawa.
Wayyo zamanin Sarki Nomau,
Da can aka ji daɗin duniya!”

Ba wanda bai san kurkunu ba a wurin, tsutsar nan mai tsawon igiya da ake sha a ruwan tafki, ta shekara a jiki ta fasa ƙafa ta fito. Sarki ya janye ƙafafunsa daga kusa da ƙwaryar.

“Wane ne kuma Nomau?”

“Kakan Anaruwa. Su ma a lokacinsu cewa suke duniya ta lalace, gara da.”

Sarki ya sake kallon ruwan. Sa'an nan ya ɗauki ƙwaryar da hannu biyu ya miƙa wa Barau. “Sarkin Maroƙa, duk garin nan ba wanda ya kai ka son zamanin nan. Bisimilla, fara.”

Barau ya karɓa. Ya kai baki, ya sauke. Ya sake kaiwa, wani abu ya yi iyo ya nufo leɓensa. Sai ya dire ƙwarya ya kife a ƙasa. “Tuba nake, Zaki! Ni waƙa aka koya mini, ban zauna a can ba!”

Sarki ya ce, “Ni ma ban zauna ba, saura kaɗan in kori rabin garina a kan waƙarka.” Ya juya ga Waziri. “Baba Cindo, je ka kwance kayanka. A yi shela, kowa ya zauna inda yake, wanda kakansa ya zo jiya da wanda nasa ya zo shekaranjiya duk nawa ne. A buɗe rijiyoyi. Kuma don girman Allah wani ya kawo mini riga.”

Barau kuwa aka yanke masa kwana arba'in a zamanin Anaruwa shi kaɗai, da warki da miyar toka, a bukka bakin tafki. Waziri ne ya roƙa aka yarda a riƙa kai masa ruwan rijiya, ya ce hukunci daban, mugunta daban.

Da gari ya ɗauki guɗa, aka kawo tuwo da miya mai gishiri da soyayyen nama, Sarki ya ce Tambai ta zauna ta ci tare da shi. Yana ci yana lumshe ido, sai ya ce, “Tsohuwa, ke da kika ga sarakuna huɗu, gaya mini tsakaninki da Allah. Wane zamani ya fi daɗi?”

Ta ɗauki tsokar nama ta jujjuya ta, ta duba ta nan, ta duba ta can, ta mayar cikin akushi. Ta buɗe masa baki, dasashi fayau, ko ɗaya babu.

“Wanda nake da haƙora, angona. Kai da naka ke nan, ci naman ka bar surutu.”

Sarki ya ci, ya ƙara, ya sa aka dama mata fura mai laushi. Iyakar abin da ya zo kunnena ke nan, kuma ban rage muku komai ba.