Gadar da Nyandang Bai Haye Ba

Akwai wani mutum mai suna Nyandang a wani dogon gida, irin wanda mutanen ƙauye guda ke zaune a cikinsa, da ke can saman kogi, cikin dajin Sarawak. Da ƙafarsa yake alfahari. Hanyar tudu, mai cin kwanaki kafin a faɗa ƙauyukan ƙetare, yakan ce ya fi kowa saninta.

Wata damina yana dawowa daga ƙetare, ya ga hadari ya rufe duwatsu. Ya tsorata. Sai ya zagaya ta kwari, hanyar da ake bar wa tsofaffi da masu goyo.

A mahaɗar hanyoyin biyu ya tarar da dattijo Entalai da matarsa Lulong suna cire matsattsaku daga ƙafafunsu. Za su je ƙetare ganin 'yarsu da ta haihu.

"Sarkin tafiya!" in ji Entalai. "Gadar gora ta kan tudu tana nan? Ko dai ta kwari ka lallaɓo, kamar kakata?"

Lulong ta ƙyalƙyale da dariya. Dariyar ta yi wa Nyandang zafi.

"Haba Kawu, ni da kwari? Jiya na haye ta, ko motsi ba ta yi."

"Ka ji ko?" Lulong ta ce wa mijinta. "Tashi, tsoho, jika na jira."

Suka kama hanyar tudu, Nyandang ya tsaya yana kallon bayansu. Kira ɗaya ya isa ya dawo da su. Bai yi ba.

Ashe ruwa ya daɗe da tafiya da gadar, har turakunta sun yi gansakuka. Shinkafarsu ta kusa ƙarewa, baya kuma ta yi nisa. Entalai ya shiga ruwa da igiya don ya ɗaura a wancan gefe. Lulong kaɗai ta dawo gida.

Ba ta zagi Nyandang ba. Ta koma mahaɗar, ta ajiye reshe guda a gefen hanya, ta ambaci sunansa. Haka ake yi wa maƙaryaci a al'adarsu: duk mai wucewa sai ya ƙara nasa, ko ya san labarin ko bai sani ba.

Nyandang ya gudu bakin teku, ya yi aure can. Sai da furfura ta rufe shi matarsa Empiang ta matsa sai ta ga garinsu.

Da suka iso mahaɗar, tulin rassan ya fi mutum tsawo, na samansa ɗanyu ne. Empiang ta karyo reshe ta jefa.

"Ko wane mara kunya ne wannan, oho. Maigida, jefa naka mu wuce, ruwa na tafe."

Ya daɗe a sunkuye yana neman reshe. Sannan ya jefa.

Darasi: "Ban bi ta can ba" kunyar yini ɗaya ce. Wanda ya tambaye ka hanya, ransa ya ɗora a kan maganarka, kada ka faɗi abin da idonka bai gani ba. Ku tura wa 'yan uwa su karanta.