Munduwar Inna Yalwa da Rimot Mai Koyo

Ku matso kusa, ku kife wayoyin nan. Yau shari'a na kawo muku, kuma ku ne alƙalai.

A garinmu an yi wata tsohuwa, Inna Yalwa, ita kaɗai ta rage da ta san waƙoƙin amare na dā. Shekara da shekaru ana lallaɓa ta ta rera a ɗauka, tana ƙi. Da bikin jikarta Lantana ya matso, sai ta sauko, ta ce za ta yi sau ɗaya tak, ranar kamu. Namiji dai ba ya shiga cikin mata, wannan kowa ya sani. Ta ƙara da nata sharaɗin, ta ce, "Ku rataye kyamarorin naku a bango, ban hana ba. Amma in wani ya tsaya mini a ka, ko ya nuna ni da wani katako, na rufe bakina har kabari."

Wasu jikokinta uku, Barau da Sallau da Tabawa, suna da shagon ɗaukar bidiyo. Kyamarorinsu uku ne, kowace kamfaninta daban, kowace da rimot ɗinta mai girman silifa. Ga batir ba ya jimawa, balle a kunna tun safe a tafi. Dole a sami ɗan ƙaramin rimot guda da zai ɓuya a tafin hannu, mai koyo, irin wanda yake haddace maɓallan wasu, kuma wanda aljihunsu zai ɗauka.

Barau ne ya shiga kasuwar birni. Ya sha rana, ya sha dariyar masu shago. Wanda ya fara samu babba ne, na biyu kuɗinsa ya kusa na tunkiya. Bai fasa ba, sai da ya tono wani a ƙasan kwalin wani dattijo mai gyaran rediyo, bai fi kwalin ashana ba. Ya zauna ya yi ta ciniki har dattijon ya gaji ya sallama.

Sallau ne ya koya wa sabon rimot ɗin aiki. Ana haɗa shi baki da baki da tsohon rimot, a danna, ya haddace. Biyu sun tafi lafiya. Na ukun kuwa, na kyamarar da za ta kalli fuskar Inna, tun bara ya faɗa cikin kofin koko ya mutu. Sallau ya buɗe shi, ya kankare busasshen kokon da tsinken tsintsiya, ya shanya, ya yi ta lallaɓa shi har ya farfaɗo na ɗan lokaci. Sabon na gama haddacewa, tsohon ya sake mutuwa, bai ƙara tashi ba.

Ranar kamu, Tabawa ce ta shiga da sabon rimot ɗin, a dunƙule cikin tafinta mai lalle. Inna kuwa akwai tsokana: sai ta yi gyaran murya, mata su yi tsit, ta ɓuge da neman ruwa. Da wani ne, da tuni ya kunna, batir ya ƙare a banza. Amma Tabawa a ɗakin Inna ta tashi, ta san tsohuwar ba ta waƙa da goro a baki. Tana ganin ta tofar da shi, sai ta miƙe ta rangaɗa guɗa, ta ɗaga hannu tana juyi, ta gaida kowace kyamara da dannawa ɗaya. Inna ba ta ga komai ba sai jika mai rawa.

Ranar an sha waƙa, har tsofaffi suka yi hawayen daɗi. Washegari aka kunna wa Inna. Ta ƙura ido, ta ce, "Wace ce wannan tsohuwar mai murya haka? Allah ya ja kwananta." Gida ya kaure da dariya. Ni ma da na gani, sai da na tuna da tawa uwar.

Da Inna ta ji dabarar da jikokin uku suka yi, sai ta zare munduwar azurfa da ta gada wurin mahaifiyarta, ta ajiye a kan tabarma, ta ce, "Guda ce, kuma ba a karya ta. Wanda ya fi yi mini aiki ya ɗauka."

Barau ya samo, Sallau ya koyar, Tabawa ta san lokacin dannawa. Har yau munduwar tana jiran mai ita.

To, ku faɗa mini, hannun wa ya kamata ta shiga?