Layin Da Malam Ma'auni Ya Cike

Akwai wani malamin waƙa da ɗalibansa suka laƙaba wa suna Malam Ma'auni. Ba don ƙauna suka sa masa ba. Ilimi kam yana da shi, wannan ba a ƙwace masa, amma kansa ya fi ƙofar ajin faɗi.

A saman benen wata tsohuwar makaranta yake koyar da manya masu son rubutu, duk Asabar da hantsi. Aji ne mai taga ɗaya, da fanka mai kuka, da baƙin allo da ya cinye bango guda. Nan yake nuna musu yadda ake jera layuka su zama baiti, da yadda ake auna kowane layi gaɓa-gaɓa, kada wani ya fi wani tsawo.

Idan ɗalibi yana karanta waƙarsa, sai Malam ya riƙa ƙwanƙwasa tebur da zobensa yana awo. Da layi ya gaza, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Gurgu! Zauna."

A cikin ɗaliban akwai wata mai kantin magani, kowa Anti yake ce mata. Mijinta ya rasu bara. Ba ta cika magana ba, amma wata Asabar ta miƙe ta ce ta yi wa marigayin waƙa.

Ta fara karantawa. Waƙa ce mai kyau, har zoben Malam yana tafiya lafiya. Sai ta zo layin ƙarshe, ta ce, "Idan yaran sun dawo, ki ce musu..." Ta tsaya nan, ta naɗe takardarta.

"Ina sauran?" in ji Malam.

"Nan ya ƙare, Malam."

"Ya ƙare? Wannan ai riga ce mai hannu ɗaya."

"Malam, ai wurin nan..."

"Anti, a kantinki kina ba mutum rabin ƙwaya ki ce ya je ya warke?"

Wasu suka yi 'yar dariya, irin ta tsoron malami. Malam ya ɗauki alli ya rubuta layin nata a allo, ya ƙara masa da nasa: "su riƙe zumunci." Ya kaɗe hannu ya ce, "Kin gani? Yanzu ya tsaya da ƙafafunsa." Bai tsaya nan ba, sai da ya sa duk ajin suka rera shi baki ɗaya.

Anti ta daɗe tana kallon allon. Ta ɗauki jakarta ta fita, ko sallama ba ta iya yi ba.

Malam ya ce kada kowa ya goge, zai yi darasi da shi. Ya kulle ajin da kansa.

Da Asabar ta zagayo, layin Anti yana nan daram, amma ƙarin da Malam ya yi babu shi. A wurin akwai danshi, shatin tafin hannu, babba, na namiji.

"Wane mara kunya ne?"

Wani tsohon soja da ke zama a gaba ya ce, "Ranka ya daɗe, makulli ai a aljihunka ya kwana."

Malam ya ja tsaki, ya sake rubutawa, ya juyo zai fara darasi. Sai ya ga fuskokin ɗalibai sun sauya, duk idanunsu na bayansa. Ya waiga. Rubutun nasa ya tafi, ruwa yana gangarowa a hankali a jikin allon. Da hantsi fa, jama'a, hasken taga har ƙasan tebur. Fanka ta tsaya da kanta. Wani wari ya cika ajin, irin na ɗakin asibiti da aka gama wankewa.

Ya buɗe baki da faɗa, "Duk wanda ya yi wannan zai..."

Maganar ta tsaya. Ba tari ba ne, ba ciwo ba. Kamar dai wani ya ɗora masa hannu mai sanyi a kan baki.

Daga ranar Malam Ma'auni bai ƙara kai magana ƙarshenta ba. Zai fara tiryan-tiryan, yana zuwa wurin da ma'anar take sai ta yanke.

A gida ya ce wa matarsa, "Maman yara, ki kawo mini..."

"In kawo maka me? Yau kuma ni aka ba aikin cikewa? To, 'ki kawo mini tsintsiya in share ɗaki.' Ga ta nan, maigida, Allah Ya yi albarka."

Ita wasa take yi, ba ta san abin ya kai haka ba. Amma kowa haka ya riƙa yi masa. Mai shago ya cike masa, ya ba shi abin da bai nema ba. Ƙaninsa ya cike masa, ya tafi yana cewa Yaya ya amince da abin da bai amince ba. Malam ya riƙa jin maganar wasu tana fita da sunansa, yana girgiza kai, babu mai lura. Likita ya leƙa maƙogwaro ya ce lafiya ƙalau. Shugaban makaranta kuwa ya gaya masa a fili, in abin bai sake shi ba, za a nemo wani malamin.

Da ya ga aiki zai tafi, bakin ma ya riga ya tafi, sai ya nufi kantin maganin. Ya tsaya a gefe har ta sallami masu saye.

"Anti, na zo ne in..."

Ta jingina da kanta ta dube shi. "Ba zan cike maka ba, Malam. Zan jira."

Ta jira. Ya yi ta motsa leɓe, babu abin da ya fito. Idonsa ya kawo ruwa, don tun da abin ya same shi babu wanda ya jira shi sai ita.

Sannan ta ce, "Layin nan ba nawa ba ne. Maganarsa ce ta ƙarshe. Yara suna makaranta, ya riƙe mini hannu, tafinsa sharkaf da gumi. Ya ce idan sun dawo in ce musu, sai numfashi ya ƙare. Har yau suna tambayata. Ƙaramar cewa take ko so yake ta daina tsotsar yatsa. Ni da na zauna da shi shekara da shekaru ban yi ƙarfin halin sa masa magana a baki ba. Kai ko fuskarsa ba ka sani ba."

Malam ya sunkuyar da kai.

"Ni na yafe," in ji ta. "Amma ba ni kaɗai ka taɓa ba, kuma a gaban mutane ka yi."

Asabar ta gaba Anti ta dawo. Malam ya bar teburinsa ya zauna a benci cikin ɗalibai. Ta sake karanta waƙar tun daga farko. Ta zo layin ƙarshe, "Idan yaran sun dawo, ki ce musu..." ta tsaya.

Babu wanda ya motsa. Shirun ya yi tsawo, ya yi nauyi, har wata ɗaliba ta fara share hawaye. Kunnen Malam yana ta gaya masa layin bai cika ba. Ya danne, ya bar shi yadda mai shi ya bar shi.

Sai daga can baya, wurin bencin da babu kowa, aka saki wani dogon numfashi, irin na wanda ya sauke kaya. Kowa ya ji. Tsohon soja ma bai yarda ya waiga ba.

Malam ya buɗe baki a tsorace. "Allah Ya jiƙansa," ya ce, "Ya raya abin da ya bari."

Maganar ta fita duka, har ƙarshe. Ajin ya amsa da amin.

Darasi: Komai iliminka, tambayi mutum kafin ka gyara masa, kuma in ya tsaya a magana ka jira shi. Wani giɓin ba kuskure ba ne, ciwo ne, kuma ba naka ba ne balle ka cike. Ku tura wa malamanku da iyaye, da duk wani mai saurin katse mutane, ko Allah zai sa ya ji.