Jakunkunan Malam Jatau

An yi wani mutum a wani gari, shekaru da dama da suka wuce, wani bawan Allah ana ce masa Malam Jatau. Tela ne, amma ba ya ɗinka riga. Buhunan abincin kaji yake karɓowa a gonar wani attajiri, Alhaji Bature, ya wanke, ya shanya, ya yanka, ya ɗinka jakar cefane da ta makaranta. Da wannan yake ci da iyalinsa.

To, ku saurara. Ana gab da Sallah, aiki ya yi yawa, aka aiko masa da buhuna fes, aka ce wankakku ne. Ya yarda, bai wanke ba. Ya ɗinka, mata suka kwashe.

Da ya share ƙyallayen ya zuba bayan gida, kajinsa suka bi suna tsattsaga. Kafin la'asar duk sun miƙe ƙafa. Ya ɗauki ƙyalle ya shinshina, ya ji warin magani. Ya tuna Iya Gambo mai ƙosai, wadda ta sayi jaka ta ce wakenta za ta riƙa zubawa a ciki.

Ya tafi gona. Ashe maganin ɓera aka barbaɗa a sito, buhunan na ciki, aka kakkaɓe kawai aka ba shi.

"Alhaji, abinci mata suke zubawa a ciki."

"To, wani ya mutu ne?"

"Kajina sun mutu."

"Kaji! Ni za ka gaya wa mutuwar kaji? Ka ja bakinka, Jatau. In na ji sunan gonata a gari, ko igiyar buhu ba ka ƙara samu."

Kun ji fa! Mutum da hankalinsa, da carbi a hannu, ya fifita sunan gona a kan cikin 'ya'yan mutane!

Malam Jatau bai yi musu ba. Ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, Alhaji." Ya fito ya shiga gari, gida gida, yana sallama.

Iya Gambo ta ce, "Kai Jatau, ka sayar kuma ka dawo karɓa? Yau ma na zuba wake!"

"Iya, zubar da shi, kada ko akuya ta ci. Da guba a buhun. Laifina ne, ban wanke ba. Waken yana wuyana."

Haka ya bi har ya tattaro jakunkunan, ya ƙona a bayan gari. Alhaji ya cika alkawarinsa, bai ƙara ba shi buhu ba. Keken ɗinkinsa ya yi shiru wata da watanni. Abin da ya fi ci mini rai, 'yan uwa, mutanen da ya tsare wa 'ya'ya su ne suka zauna a inuwa suna cewa wawa ne, da ya yi shiru wa zai sani?

Ba zan ce muku ya yi arziki daga baya ba. Bai yi ba. Amma ba a ɗauki gawar yaro ko ɗaya ba saboda ɗinkinsa.

Abin da ya fita daga hannunka amana ne, ko ya bar shagonka. Kai mai awo, ke mai abinci, kai mai magani: in ka gano aibu bayan ka sayar, tashi ka bi sawu. In kuma ka ga wani ya yi haka, kada bakinka ya kira shi wawa. Allah ya ba mu ikon gyarawa.