Shafin da Ya San Suruki

Shafin intanet na wata hukuma ya yi wata takwas a mace, aka yi tallar kwangilar gyaransa. Darakta Alhaji Bawale ya gindaya sharaɗi guda: mai so ya turo takardunsa ta shafin hukumar, ban da kawowa da hannu. Mutum ɗaya ne ya cika sharaɗin, ƙanin matar Darakta.

Tasallah, mai shagon gyaran kwamfuta a bakin kasuwa, ta kai kuka gaban kwamitin sauraron koke.

Darakta ya ce, "Hajiya, doka ce. Kin turo ta shafin?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, kwana goma ina gwadawa, ko buɗewa bai yi ba. Shi surukinka ta nan ya turo?"

"Ƙwarai kuwa."

"Alhamdulillahi, ashe shafin lafiyarsa ƙalau. Sai a soke kwangilar, gwamnati ta huta."

Darakta ya zabura. "Wa ya ce miki? A mace yake murus!"

"To ta ina takardunsa suka shigo?"

Darakta ya share gumi, ya ce, "Ranar ce kawai ya ɗan farfaɗo."

Shugaban kwamiti ya ja layi a kan kwangilar, ya ce a sake talla, kowa ya kawo da hannu.

Tasallah ta gyara mayafi, ta ce, "Amma kada ku bar surukin nan haka, ranka ya daɗe. Ku ba shi gadin shafin, tunda da ya gan shi yake tashi."