Igiyar da Fulgencio Ya Naɗe a Hannu

Akwai wani ƙato a ƙauyenmu na La Ciénaga, Fulgencio sunansa, yana hawa da kayan masu yawon buɗe ido Dutsen Duarte a bayan alfadari. Ƙarfi kam Allah ya ba shi, hankali ne aka yi masa rowa. Alfadararsa Canela duk jikinta tabon duka ne. Ni kaina tun muna yara ba na son mu haɗa hanya.

Duk wanda aka haifa a gindin dutsen nan ya san doka guda: ba a naɗe igiyar alfadari a hannu. Riƙon sakwa-sakwa ake yi, in dabba ta zabura ka saki. Fulgencio ya ce dokar ragwaye ce.

Wata safiya yana kai wa masu gadin gandun daji shinkafa da wake. Dab da ƙololuwa, inda iyakar lardunan Santiago da San Juan ta ratsa, Canela ta ja ta tsaya cak. Ruwan jiya ya zaftare rabin hanyar, ta gani, shi bai duba ba. Ya naɗe igiya sau uku a hannun dama don kada ta kauce, ya zare adda da hagu, ya shiga zabga mata faɗinta har baya ya fashe.

Ana cikin haka sai ga Don Eleuterio, wani tsoho daga garin Sabaneta ta ɓangaren San Juan, da tasa alfadarar.

"Kai ɗana, ka ji tsoron Allah! Dabba in ta tsaya, ƙasa ake dubawa. Kuma warware igiyar nan daga hannunka."

"Tsoho, nan ba lardinku ba ne. Koma can ka koya wa awakinka."

"Dutse bai san lardi ba, ɗana. Warware."

Bai rufe baki ba Fulgencio ya sharara masa faɗin adda a fuska. Tsoho ya zube, haƙora biyu a ƙasa, jini na bin gemu. A wajenmu dukan faɗin adda ya fi sara ciwo, don kare ake yi wa shi. Abin ya ƙona min rai da na ji, har yau kuma yana ƙona ni.

Fulgencio ya juya kan Canela, wannan karon da kaifin. Ya tsarge mata kunne.

Ta yi wata irin ƙara, ta tashi tsaye, ta juya ta arce. Ya so ya saki, ina! Igiya ta riga ta shige nama. Ta fizge shi ƙasa, ta ja shi kan duwatsu da kututturan da gobarar bara ta bari. Kafaɗa ta goce, fuska ta ɗaye. Da ta tsaya tana haki, igiyar ta harɗe a wani kututture, shi kuma yana kwance a bakin gangara, hannu ya yi baƙi ƙirin. In ta ƙara zabura sau ɗaya, hannun zai rabu da jiki.

Ya ɗaga ido sai ya ga tsoho a kansa, baki duk jini, riƙe da addar da ya yar.

"Baba, don Allah... ina da 'ya'ya uku."

Tsoho ya ɗaga adda sama. Fulgencio ya runtse ido.

Igiyar ya sare.

Tsoho ya tofar da jini ya ce, "Ba don kai na yi ba. Kar a ce baiwar Allahn nan ta yi kisa."

Alfadarar tsohon ita ma tsohuwa ce, ba ta iya ɗaukar ƙato. Don haka ya ɗaure wa Canela kunne da hannun rigarsa, ya yi ta lallashinta har ta daina rawar jiki, sannan ya cicciɓa mutumin ya ɗora mata. Awa tara tana saukowa da shi a hankali, ko tuntuɓe ba ta yi ba.

A asibiti suka ce hannun ya mutu tun a hanya. Suka yanke shi daga wuyan hannu.

Yanzu in ka bi ta La Ciénaga za ka gan shi a bakin rafi, yana wanke wa wata alfadara mai rabin kunne baya da hannun hagu. In yara suka tambaye shi ina ɗayan, cewa yake, "Yana can saman dutse. Ni na ɗaure shi da kaina."

Darasi: Ƙarfi ba tare da tausayi ba igiya ce, mai shi take fara ja. Kada ka wulaƙanta mai yi maka gargaɗi, kada ka zalunci wanda ba ya iya kai ƙara, don wata rana a bayansa za ka sauko. Ku tura wa wani mai saurin hannu da kuka sani, tun hannun nasa na nan.