Fatalwa Mai Sallama

Dalilin da ya sa, yara, fatalwar fina-finan garin nan take zuwa da rana tsaka, ta tsaya a ƙofa ta yi sallama, taurin kan wata mata ne mai suna Barira.

A da ba haka take ba. Baba Nomau, wanda ya fara shirya fim a garin nan, ya taɓa yin wani kan uwar da ta rasu ta dawo ganin 'ya'yanta. Ya naɗe ta da farin zane, ya barbaɗa mata garin rogo a fuska, tana tsalle tana gurnani. A zamaninsa ya ba da tsoro. Da shekaru suka ja, sai yara suka mayar da gurnanin abin wasa a bakin rijiya.

Barira, wadda take ɗinka wa 'yan wasansa sutura, abin yana ci mata rai, don ita labarin uwar yana sa ta kuka. Ta je ta ce a ba ta dama ta sake shirya shi. Baba Nomau ya yi dariya, ya ce ɗumame ba ya zama sabon tuwo.

"Baba, wanda bai iya ɗumame ba shi ke raina shi," in ji ta.

Ya fusata, ya kafa sharaɗi. Za a haska nata a gidan kallo ranar kasuwa. In mutum ɗaya ya yi dariya, za a ƙona fim ɗin, kuma ba za ta sake taɓa kyamara ba har abada. Ta ce ta ji, ta yarda.

Ta ɗauko Iya Tabawa mai ƙosai ta zama uwar. Ba gari a fuska, ba farin zane, sai atamfarta ta kullum. Ranar ɗaukar fim aka ce ta faɗa gidan kawai, tsohuwa ta tsaya cak a zaure. Ta ce ko a mace take, ita ba ta shiga gidan mutane ba sallama, ba haka aka rene ta ba. Aka yi lallashi har aka gaji. Mai kyamara ya ce an ɓata aiki, Barira ta ce a ƙyale ta, a ɗauka haka.

Ranar kasuwa gidan kallo ya cika maƙil. Baba Nomau ya zauna a gaba yana jiran dariya. Aka nuna an binne uwar, an yi sadakar uku. Sai ga ta a ƙofar gida, rana na dukan ta, ta yi sallama a hankali. Shiru. Ta sake. A ta uku, sai jama'a baki ɗaya suka amsa mata, har da Baba Nomau.

Sannan ne suka tuna wadda suka amsa wa. Ba wanda ya ko motsa.

Da aka tashi, Baba Nomau ya tsaya gaban Barira, ya ce:

"Tawa tana faɗo wa mutane ne. Taki kuwa, da bakina na shigo da ita."

Shi ya sa har yau fatalwarmu ba ta gurnani, kuma kakarku ba ta amsa sallamar azahar sai ta leƙa ta ga ƙafafun mai yin ta.